Namadi Sambo: Mai Zanen Gini a Kujerar Mataimaki

Idan ka bi ta Gesse ko Badariya a Birnin Kebbi da hantsi, da wuya ka rasa filin da ake zuba fandisho. Leburori na kwaɓa siminti, birkila na jan igiya, mai gida na tsaye a gefe yana lissafin buhuna a zuci. Duk wanda ya sauko daga mota da hular kwano a kai da takarda naɗe a hammata, "injiniya" ake ce masa. Sau da yawa kuwa mai takardar nan akitek ne, wato mai zanen gine-gine, kuma aikinsa daban yake da na injiniya. Shi ne yake zama da mai gida tun fili yana fili, ya tambaye shi iyalinsa nawa, ina yake son zaure, ina rana take faɗuwa, ta ina ruwan damina yake bi, sannan ya fitar da gidan duka a takarda kafin a sayi bulo ɗaya. Injiniya zai zo daga baya ya faɗi kaurin rodi da zurfin rami da za su ɗauki nauyin abin da aka zana. Akwai kuma na uku, mai ƙiyasin kuɗin gini, wanda yake lissafa abin da aikin zai ci.

Sau biyu Najeriya tana ɗora mai wannan sana'a a kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Na farko shi ne Alex Ekwueme, mataimakin Alhaji Shehu Shagari daga 1979 zuwa 1983. Na biyu namu ne na Arewa, Mohammed Namadi Sambo, Bazazzagi, wanda ya riƙe kujerar daga 19 ga Mayu, 2010 zuwa 29 ga Mayu, 2015. Labarinsa ya cancanci a san shi, ko da mutum ba ya cikin masoyansa, domin yana nuna abin da ilmin sana'a yake iya yi a cikin mulki da kuma inda yake cijewa.

An haifi Namadi Sambo a Zariya ranar 2 ga Agusta, 1954. Ya yi firamare a Kaduna da Bauchi da Zariya, ya yi sakandare a makarantar gwamnati ta Zariya wadda aka sani da Alhudahuda. Daga nan sai Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi karatun share fage a 1972, ya shiga sashen zanen gine-gine, ya sami digiri na farko a 1976, na biyu a 1978. Wannan sashe ba ƙarami ba ne a tarihin ƙasar nan. Shi ne mafi daɗewa a Najeriya wajen koyar da sana'ar: a Ibadan aka fara shi a farkon shekarun 1950, aka kawo shi Zariya a 1955, tun kafin a kafa jami'ar kanta a 1962. Victor Attah, wanda ya yi gwamnan Akwa Ibom daga 1999 zuwa 2007, shi ma a Zariya ya koyi zane.

Amma kada wani ya ɗauka Bature ne ya kawo wa Zazzau gwanintar gini. Fiye da shekara ɗari kafin a buɗe wannan sashe, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Muhammadu Durugu da ake kira Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara, ya ɗaga bakan gizo masu tsawo waɗanda masana gini daga ƙasashen waje suka yi ta zuwa kallo. Mu ma nan Kabi ba baƙi ba ne a wannan fage. Ganuwar Surame, wadda Sarkin Kabi Kanta ya sa aka gina da duwatsu a ƙarni na 16, tana nan da sauran ƙarfinta a daji, kuma tsohuwar fadar Argungu da ta zama gidan tarihin Kanta shaida ce ta hannun maginan gargajiya. Abin lura shi ne, a wancan tsari sarki daban, Sarkin Magina daban. Sarki ya ce ga abin da yake so, magini ya fitar. Ba a saba ganin magini ya hau gadon ba.

Bayan bautar ƙasa da ya yi a ma'aikatar ayyuka da gidaje ta Jihar Oyo, wadda ya gama a 1979, Sambo ya yi aiki a Bauchi a lokacin da sabuwar jihar take neman ofisoshi da gidajen ma'aikata ido rufe. Yana cikin waɗanda suka yi aikin tsara garin da gyaran masaukin baƙi na gandun dajin Yankari. Mutumin Birnin Kebbi da ya ga 1991, shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, ya san irin wannan yanayi: gari ya kwana hedikwatar masarauta ya tashi babban birnin jiha, babu sakatariya, babu gidajen da za a sauke ma'aikatan da aka kwaso. A irin wannan lokaci mai zane yake tsada, kuma a nan ne yake fara zama da gwamnoni da kwamishinoni a teburi ɗaya.

A 1986, yana da shekara 32, gwamnatin soja ta Jihar Kaduna ta naɗa shi kwamishinan aikin gona, daga baya aka mayar da shi ma'aikatar ayyuka, sufuri da gidaje. Ya bar gwamnati a 1990 ya koma harkarsa. Kamfanoninsa, musamman Coplan Associates da Nalado, sun yi suna wajen zane da ba da shawara da kwangila, har da ayyukan ruwan sha. Shekara goma sha bakwai ya yi a haka. Wannan zango ne mutane suka fi tsallakewa idan ana ba da labarinsa, alhali shi ne ya yi shi. A nan ya tara dukiya, a nan ya san yadda takardar kwangila take tafiya daga tebur zuwa tebur, a nan ya ƙulla hulɗa da masu mulki ba tare da ya taɓa hawa mumbarin kamfe ba. Bai yi kansila ba, bai yi ɗan majalisa ba. Zaɓen farko da ya tsaya a gaban jama'ar jiha shi ne na gwamna.

Gwamna Ahmed Makarfi ne ya mara masa baya a jam'iyyar PDP, ya sami tikiti bayan fafatawa mai zafi da Sanata Isaiah Balat na kudancin Kaduna, aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayu, 2007, da Patrick Yakowa a matsayin mataimaki. Ya zo da ƙudurori goma sha ɗaya. A fannin tsaro ya kafa rundunar haɗin gwiwa ta Operation Yaki, wadda motocinta suka zama sananne a titunan Kaduna. Amma inda hannun mai zane ya fito fili shi ne a manyan ayyukan da ya ɗauko: sabon birnin Kaduna a ƙetaren kogi, wanda aka raɗa wa suna Millennium City, da asibitin ƙwararru mai gado 300 a cikinsa, da babban aikin ruwan Zariya mai matatar da aka tsara za ta riƙa tace lita miliyan 150 a kullum.

Nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. An horar da akitek ya ga gini a kammale tun babu komai a ƙasa. Wannan baiwa ce, domin shugaban da ba ya iya hango gari na shekara talatin masu zuwa zai ƙare yana facin kwalbati. Amma zanen da ya yi kyau a takarda yana bukatar abu biyu da siyasa ba ta cika bayarwa ba: kuɗin da ba ya yankewa, da lokacin da ya fi wa'adi ɗaya. A ofishin zane, mai gida ɗaya ne, idan ya sa hannu magana ta ƙare. A gidan gwamnati masu gida miliyoyi ne, ga majalisa, ga jam'iyya, ga kason wata-wata daga Abuja da yake hawa da sauka da farashin mai. Sambo ya kafa harsashin manyan abubuwa, amma shekara uku kacal ya yi a kujerar. Masu sukarsa a Kaduna sun ce ya bar allunan kwangila fiye da gine-ginen da aka gama. Magoya bayansa sun ce ai ba shi ya zaɓi ranar tafiyarsa ba. A ganina kowanne yana da gaskiyarsa. Matatar ruwan Zariya dai sai a zamanin Nasir El-Rufa'i aka kammala ta, shi kuma, abin dariya, mai ƙiyasin kuɗin gini ne da ya fito daga jami'a guda.

Abin da ya ɗauke shi daga Kaduna rashin lafiya ne da mutuwa. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Jidda a watan Nuwamba na 2009 ba tare da ya miƙa ragama a rubuce ba. Ƙasa ta yi wata biyu da rabi tana lilo, har majalisar tarayya ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaba ranar 9 ga Fabrairu, 2010. 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu, aka rantsar da Jonathan washegari, kujerar mataimaki ta zama babu kowa. Tsarin mulkin 1999 ya ce idan haka ta faru shugaban ƙasa ne zai zaɓi wanda yake so, majalisun biyu su amince. An yi ta kiran sunayen jiga-jigan Arewa, har da Makarfi kansa, amma Jonathan ya ɗauko Sambo. Majalisa ta amince ranar 18 ga Mayu, ya sha rantsuwa 19 ga wata.

Me ya sa shi? Jonathan bai tsaya ya yi wa kowa dogon bayani ba, amma lissafin a bayyane yake ga mai bin siyasa. Ana bukatar Musulmi daga Arewa maso Yamma, yankin marigayin. Ana bukatar wanda gwamnoni za su karɓa a matsayin nasu. Sannan, kuma wannan shi ne ginshiƙin, ana bukatar wanda ba a san shi da kwaɗayin kujerar farko ba, domin zaɓen 2011 yana tafe kuma rigimar karɓa-karɓa ta riga ta kunno kai a PDP. Mutum mai sanyin magana, wanda bai gina rundunar siyasa tasa ta kansa ba, ya dace da wannan gurbi. Akwai kuma wata riba ta gefe: tafiyarsa ta sa Yakowa ya zama gwamna ranar 20 ga Mayu, Kirista na farko daga kudancin jihar da ya hau wannan kujera. Yakowa ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa ranar 15 ga Disamba, 2012, Mukhtar Ramalan Yero, wanda ya yi wa Sambo kwamishinan kuɗi, ya gaje shi.

To mene ne aikin mataimakin shugaban ƙasa? Mutanen Gwandu da Argungu ba sa bukatar dogon sharhi a kan wannan, sun san waziri. Yana da girma, yana kusa da kunnen sarki, ana tashi idan ya shigo, amma hatimi ba a hannunsa yake ba. Tsarin mulki ya ba mataimaki shugabancin Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni 36 da gwamnan Babban Banki suke zama, sai dai aikin wannan majalisa ba da shawara ne. Yana zama a majalisar tsaro da majalisar ƙoli ta ƙasa. Wasu dokoki sun ɗora shi a kan hukumar iyakoki, da hukumar agajin gaggawa, da majalisar sayar da kadarorin gwamnati. Bayan waɗannan, duk abin da zai taɓa sai wanda shugaba ya ga dama ya miƙa masa. Ba shi da ma'aikata ko ɗaya da zai ce tasa ce, ba ya naɗa minista, ba ya ba soja umarni. Mai zane da ya saba riƙe fensir ya sami kansa a ɗakin da wani ya zana, kuma ba a ba shi izinin matsar da ko taga ba.

Babban aikin da ya faɗo hannunsa shi ne wutar lantarki, kuma ta nan labarinsa ya shigo gidan kowa a Birnin Kebbi. A matsayinsa na shugaban majalisar sayar da kadarori, a ƙarƙashinsa aka kammala cefanar da kamfanin PHCN, magajin NEPA. An riga an yanka shi gida-gida bisa dokar 2005: kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya, na samarwa shida, da na dakon wuta ɗaya wanda gwamnati ta riƙe. Ranar 1 ga Nuwamba, 2013 aka miƙa mafi yawansu ga 'yan kasuwa. Na Kaduna, wanda yake kula da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, ya makara, sai a Disamba 2014 aka miƙa shi. Wato takardar kuɗin wuta da ake kawo wa mai shagon walda a Argungu ko mai injin niƙa a Jega, daga wancan tsari ta samo asali.

A takarda tsarin yana da ma'ana: ɗan kasuwa zai zuba jari, ya sa mita, ya gyara taransifoma, ya karɓi kuɗinsa, wuta ta zauna. A ƙasa kuwa yawancin masu sayen da bashin banki suka saya, ba su da rarar da za su zuba a gyara, mitoci ba su wadata ba, aka ci gaba da kuɗin ƙiyasi da jama'a suka tsana. A farkon 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki ta rushe shugabannin kamfanin na Kaduna saboda tarin bashi. Abin ya fi yi wa mutumin Birnin Kebbi ciwo domin yana ganin manyan turaku da suka ɗauko wuta daga Kainji suna sauka a garinsa, wani layin ya wuce Dosso da Yamai, shi kuma yana kwana da fitilar caji. Ba adalci ba ne a ɗora wannan duka a kan mutum ɗaya, tun da dokar ta girme shi a ofis kuma gwamnatoci biyu sun zo bayansa ba su warware ba. Amma shi ya jagoranci zaman da aka tantance masu sayen, don haka yana da kasonsa a yabo da zargi.

Akwai wasu abubuwa na wancan zamani da Arewa ta gani. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tare da ta Gusau da ta Gashuwa. An gina makarantun tsangaya na zamani fiye da ɗari, aka buɗe ta farko a Gagi, Sakkwato, a watan Afrilu na 2012. Su ma waɗannan makarantu sun nuna irin cutar da muka ambata: an yi azuzuwa da ɗakunan kwana masu kyau, amma ba a ɗaure maganar wanda zai ciyar da yara ya biya malamai ba bayan an miƙa wa jihohi, da yawansu suka koma kango. Gini ya fi sauƙin zanawa a kan abin da zai riƙe ginin da rai.

A siyasa kuwa kujerar ta ci shi. An ɗauko shi domin ya kawo Arewa, Arewa kuwa ta riga ta ba Muhammadu Buhari zuciyarta. A zaɓen 16 ga Afrilu, 2011, Jonathan da Sambo sun ci ƙasa, amma Buhari ya ɗauki jihohi goma sha biyu na Arewa, ciki har da Kebbi da Kaduna. Tarzomar da ta biyo baya ta ci rayuka fiye da 800 a ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch, kuma gidansu Sambo na Zariya yana cikin waɗanda aka cinna wa wuta. Shekaru huɗun da suka biyo su ne mafi muni na Boko Haram: harin Kano na Janairu 2012, bama-baman Kaduna da Zariya, sace 'yan matan Chibok a Afrilu 2014. Jama'a suna neman babban ɗansu a gwamnati ya ɗaga murya, shi kuwa ya zaɓi biyayya da shiru. Ko hakan hali ne ko tilas ɗin ofis ne, kowa da fassararsa. Abin da ba a musu a kai shi ne, shekara biyar ya yi da Jonathan ba a ji kansu ba, saɓanin Obasanjo da Atiku da suka yi ta tonon silili a bainar jama'a. Farashin wannan zaman lafiya ya biya shi a gida. Ranar 28 ga Maris, 2015, ko rumfar da ya jefa ƙuri'arsa a Kabala, cikin Kaduna, bai kawo ba.

Idan aka ajiye shi kusa da Ekwueme sai a ga hanya ɗaya, ƙarshe daban. Ekwueme, ɗan Oko a Anambra, ya yi karatu a Jami'ar Washington ta Amurka, ya kafa ɗaya daga kamfanonin zane na farko mallakar ɗan ƙasa. Juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983 ya kai shi kurkukun Kirikiri, kwamitin bincike ya wanke shi daga zargin cin dukiyar jama'a. Babban zanensa bai yi shi da siminti ba: shi ne ya kawo shawarar raba Najeriya shiyya shida a taron tsarin mulki na 1994 zuwa 1995. Ba a rubuta shiyyoyin a tsarin mulki ba har yau, amma duk rabon muƙami da su ake yi, kuma da wannan awo aka nemo Sambo daga Arewa maso Yamma. Ekwueme ya nemi kujerar farko a PDP, Obasanjo ya kayar da shi a Jos a 1999, ya rasu a Landan a Nuwamba 2017.

Wanda ya kai kujerar farko da wannan sana'a akwai misalinsa a Kudancin Amurka. Fernando Belaúnde na ƙasar Peru malamin zanen gine-gine ne, ya yi shugaban ƙasa daga 1963, soja suka tumɓuke shi a 1968, jama'a suka sake zaɓensa a 1980 ya yi har 1985. Ya gina rukunin gidaje a Lima, ya fasa doguwar hanya a gefen dajin Amazon. Shi fensirin yana hannunsa, ba kamar namu biyu ba, amma duk da haka bashi da tsadar rayuwa da 'yan tawaye suka cinye wa'adinsa na biyu.

Sambo ya miƙa ofis ga Yemi Osinbajo a 2015 ya koma gefe. Bai nemi takara ba, ba a cika jin sa a jarida ba sai wajen ta'aziyya ko ɗaurin aure ko taron dattawa. Asibitin nan mai gado 300 da ya aza harsashinsa a 2009 ya wuce ta hannun Yakowa, da Yero, da El-Rufa'i, yana tsaye ba a gama ba. Gwamna Uba Sani ne ya ƙarasa shi, aka buɗe a watan Yuni na 2025, shekara goma sha shida bayan an fara. Sunan da aka rubuta a ƙofarsa na Bola Ahmed Tinubu ne.